Sharar Bakin Kududdufi

Wani mai wanki ne ya fara ganinsa, hantsi bai gama ɗagawa ba. Gwadabe ne kwance rub da ciki a gindin gaɓar kududdufin da ke bayan Dala, rabin fuskarsa cikin ruwa, gefen kansa a fashe. Sandar da yake dogarawa tana can sama, an jingine ta da wata kurna. Kafin a hau da gawar unguwa ta hallara, kafin a lulluɓe ta da zane kuma an riga an yanke hukunci. Mutanen birni, in dai wajen sanin wanda ya yi kisa ne, ba su taɓa jiran alƙali ba.

"Tanko ne! Wa bai ji abin da ya gaya masa a kasuwar Kurmi ba?"

"Ai dama an ce sai sun ga bayansa kafin a yanke shari'ar nan."

Shari'ar da suke nufi kowa ya san ta. Gwadabe ɗan dako ne a siton fatu na Alhaji Khalifa Ashafa, ɗaya daga cikin attajiran nan da kakanninsu suka ƙetaro sahara da raƙuma suka zauna. Wata rana ɗaurin ƙiraga ya zamo daga sama ya danne shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Alhaji ya biya maɗori, ƙafa ta kama, Gwadabe ya koma dako har ya yi damina guda. Daga nan ƙugu ya fara tsami, ƙafar ta shiga shanyewa, har ta kai ba ya iya tsayuwar salla. Aka sallame shi. Ya kai ƙara yana neman diyya, yana cewa ciwon nan ɗan wancan ne. Alhaji ya ce a'a, wancan ya warke, wannan sanyin ƙashi ne daga Allah. Tanko, wanda ke kula da 'yan dakon Alhaji, shi ya tsaya gaban alƙali ya ce ya ga Gwadabe yana ɗaukar kaya garau bayan ɗorin. Alƙali ya ce in ta tabbata mutumin nan ya kasa aiki kwata-kwata, to akwai hakki, ko yana raye ko ga magadansa. Sai aka yi ta ɗaga zama, yau gobe, yau gobe, har hatsin gidan Gwadabe ya ƙare. Yanzu ga shi ya bar matarsa Husaina da 'ya'ya ƙanana, ba su da komai a duniya sai wannan ƙarar.

Kafin azahar 'yan dokan En'e sun tasa ƙeyar Tanko. Mai unguwa kuwa, da yake ya san halin mutanensa, ya aika a kira Sabo mai bin sawu.

* * *

Sabo dattijo ne siriri, mai tafiya da kai a sunkuye har yara na cewa kwabonsa ya faɗi. Da ƙuruciyarsa fatake ke ɗaukarsa ya bi musu sawun jakai da raƙuman da aka sace. Kiran yau bai zo masa da sauƙi ba, don abokin mahaifin Gwadabe ne, shi ya karɓa wa yaron auren Husaina.

Ya tarar an tattake wurin kamar an ci kasuwa. Ya kori jama'a baya da sandarsa, yana mita.

"Kun zo taimako ne ko kun zo sussuka? Ku matsa mini!"

Ya tsugunna, ya karkata kai yadda hasken rana zai kwanto a ƙasa. A ƙarƙashin sawun 'yan kallo akwai wani zane siriri, layi bisa layi. Tsintsiya ce. An share saman gaɓar, an share 'yar hanyar da ta gangara, an share har kewayen inda gawar ta kwanta. Wanda ya yi sharar da baya ya riƙa tafiya, yana shafe sawunsa.

Mai unguwa ya ce, "Ka gani? Haɗari ba ya share bayansa."

"Ba ya yi, ranka ya daɗe."

Sabo ya bi zanen tsintsiyar har inda ya ƙare. A wani lungu na gaɓar, bayan kurnar, sai ya tsaya cak. Sharar ce a tare wuri guda, an tattara ta tsaf, an ma ɗan daddale gefenta don kada iska ta baje ta. Ya daɗe yana kallonta. Wanda ya kashe mutum yana sauri, watsar da ƙasa yake yi ta ko'ina ya gudu. Wannan kuwa hannun da ya saba sharar tsakar gida ne, hannun da ba zai iya ajiye tsintsiya ba sai ya tara. Ya tona tarin da yatsa, ya sami ɓarɓashin kaba irin na tsohon kwando, da guntayen jar ƙasa mai danshi, wadda ba a samunta sai an haƙa. Gefen tarin kuma ga rabin sawu guda da tsintsiyar ta manta, ƙafa ce ƙarama, ba takalmi.

"Me ka samu?" in ji mai unguwa.

Sabo ya miƙe, ya taka sawun da ƙafarsa kamar bai lura ba. "Shara ce kawai," ya ce.

* * *

Sabo ne ya zuba ruwa da aka yi wa Gwadabe wanka. Da liman ya ɗaga hannun mamacin, Sabo ya riƙe shi ya buɗe tafin. Mutumin da ya fi shekara ba ya aiki, tafinsa ya kamata ya yi laushi. Wannan duk kanta ne sabo, da bororon da ya fashe bai warke ba. A tsakar kansa kuma gashin ya kwanta ya murje, yadda gammo ke yi wa masu ɗaukar kaya. Sabo ya mayar da hannun a hankali. Hawaye ya zubo masa, liman ya ɗauka na rashi ne kawai, ya ce masa a yi haƙuri.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya wuce inda aka tsare Tanko. Ya same shi zaune a ƙasa, ƙaton mutum ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Baba Sabo, wallahi ban taɓa shi ba."

"Sawun takalminka ya cika ƙofar gidansa. Tsoho da sabo."

Tanko ya sunkuyar da kai. "Alhaji ne ya sa ni. Ya ce in riƙa leƙa shi, in na gan shi ya ɗauki ko da buhun ƙaiƙayi ne in kawo shaidu, shari'a ta mutu. Na yi ta zarya. Da rana ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi buta ba."

"Me ka ce masa a Kurmi?"

"Na ce in bai janye ƙarar nan ba sai ya yi da-na-sani. Baki ne, Baba. Shi ya kira ni mai shaidar zur a gaban mutane."

"Ƙarya ya yi maka?"

Tanko ya ce, "Na gan shi yana ɗaukar kaya bayan ɗorin, wannan gaskiya ne. Abin da ba a tambaye ni ba shi ne yadda yake cije leɓe in ya ɗauka. Ina da iyali, Baba. In aka rataye ni wa zai riƙe su?"

"Ina kake da asuba?"

"A ɗakina. Ba mai shaida sai matata, ita kuma an ce ba a karɓa."

Sabo ya dubi ƙafafunsa, faffaɗa kamar faifai, ya tashi ya fita.

Alhaji Khalifa ya karɓe shi a soronsa mai sanyi, aka kawo shayi. Ya yi ta'aziyya da kyau, don mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya cin ko kwabo.

"Malam Sabo, ni ɗan kasuwa ne. Mutumin da nake sa ran kayar da shi gaban alƙali, me zai sa in sa a kashe shi? Yanzu ga shi mutuwarsa ta ɓata mini suna, ko sallama na yi a masallaci da ƙyar ake amsawa. Ka nemo gaskiya, kowace iri ce."

Sabo ya ajiye shayin bai sha ba. Kowace iri ce, in ji mai hatsi a rumbu.

* * *

Washegari da safe ya koma kududdufin shi kaɗai. Wannan karon bai tsaya inda aka share ba, ya zaga bayansa. A jikin gaɓar ya ga inda aka yi ta haƙar jar ƙasa, ya ga 'yan matakan da aka sassara kusa da juna, kusa ƙwarai, ba irin na mai ƙafa biyu ba. A kan kowane mataki akwai gurbin ƙafa ɗaya, da wani gurbi zagayayye a gefensa. Gwiwa ce. Ya bi ɗigon ƙasar da ta riƙa zuba har cikin wani kango, inda aka saba tara ta. Daga kangon sawun jakai ya fita, sun shigo da sauƙi, sun fita da nauyi.

Jakan suka kai shi lungu-lungu har wani gida da ake ta da katangarsa, don damina ta ɗauke, kowa na gyaran abin da ruwa ya ci. Musa magini yana bisa katanga ana cilla masa tubali. Da ya hango Sabo sai tubalin ya suɓuce masa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Sauko, Musa. Wa ke haƙa maka ƙasa a bayan Dala?"

Musa ya sauko, ya ja shi gefe. "Baba, rantsuwa ya sa na yi. Ya zo mini ya ce yaransa sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Na ce Gwadabe, da wace ƙafar? Ya ce in bar shi da ƙafarsa. Tun kafin kiran assalatu yake fita, ya haƙa, ya hau da ita, gari na fara wayewa ya koma gida ya kwanta kamar bai fita ba, don kada mutanen Alhaji su gani. Kwandonsa ma ɗan ƙarami ne, irin na tallan gyaɗa. Ni tausayi ne ya sa nake karɓa."

"Ka ji an kama Tanko, ka yi shiru."

"In na yi magana na kashe marayu, in na yi shiru na kashe Tanko. Kai da kake babba, gaya mini wanne zan ɗauka."

Sabo ya juya ya bar shi a wurin. Ya kama hanyar gida, yau kam sunkuyon nasa ba na neman sawu ba ne. Gwadabe, yaron nan, bai zo ya gaya masa yunwa ta kai haka ba. Kunya ta hana shi, ya gwammace ya hau gaɓa da gwiwa cikin duhu. Ko tuwo Sabo bai ci ba ran nan.

* * *

Ranar sadakar uku mai unguwa ya tara kowa a soron gidan mamacin. Ga Alhaji Khalifa bisa buzunsa, ga Tanko tsakanin 'yan doka, ga Musa a rakuɓe a bakin ƙofa, ga dattawan unguwa. Ƙofar cikin gida an saya ta da asabari, a bayanta mata ke zaune da mai takaba.

Bayan an shafa fatiha mai unguwa ya ce, "To, Sabo. Me ƙasa ta ce?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya kashe Gwadabe. Daga saman gaɓa ya faɗo, kansa ya bugi marmara. Tanko bai taka wurin nan ba. A sake shi."

Soron ya ɗauki guna-guni. Babban ɗan dokan ya gyara tsayuwa.

"Baba, ba a sakin mutum da haka. Me ya kai gurgu bakin kududdufi da duhun asuba? Kuma kai da bakinka ka ce an share wurin. Wa ya share? In ba a kawo mai tsintsiya ba, gobe Tanko zai kwana gidan yari, daga can sai gaban babbar kotu."

Sabo ya dubi Tanko, ya dubi asabarin. Gaba kura, baya sayaki. Mai unguwa ya fara gyaran murya.

"Ni na share."

Muryar daga bayan asabari ta fito, a dishe, amma ba ta rawa. Wata tsohuwa a ciki ta ce, "Ke Husaina, rufa mana asiri!" Ba ta saurare ta ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ku sake bawan Allah nan. Maigidana ƙasa yake haƙa wa magina, da sanina, ni ke naɗa masa gammo. Ran nan gari ya fara haske bai dawo ba, na saci jiki na bi shi. Na same shi a ƙasa, kwandon a gefensa. Na kira, bai amsa ba. Sai na tuna abin da yake gaya mini kullum, cewa ranar da aka gan shi da kwando, ranar yaran nan suka rasa komai. Na kwashe kwandon da digar na kai gida, na ɗauko tsintsiya. Ban yi don a kama kowa ba. Na zaci za a ce zamewa ya yi. Kwana biyun nan ina jin kukan matar Tanko ta kan katanga, ban runtsa ba."

Musa ya rufe fuska da hularsa.

Sabo ya juya wajen Alhaji Khalifa, ya yi abin da bai saba ba, ya roƙi mutum.

"Alhaji, ka ce in nemo gaskiya kowace iri ce. To ga sauranta. Na ga matakan da ya sassara. Da ƙafa ɗaya da gwiwa yake hawa, da kwandon da yarinya za ta ɗauka tana waƙa. Ƙafar nan ce ta ci amanarsa a saman gaɓa, ƙafar da ƙiraganka suka danne. Wannan ba aiki ba ne, Alhaji. Yunwa ce."

Alhaji ya ja carbinsa, ya yi magana a hankali yadda ya saba.

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wallahi na tausaya. Amma dattawa kun ji da kunnenku, daga bakin iyalinsa. Mutumin da ya ce wa alƙali ba ya iya tsayuwa, ashe kullum yana hawan gaɓa da kaya a ka. Shari'a da zahiri take aiki, ba da tausayi ba. An zubar mini da mutunci a garin nan, an ce na sa a yi kisa, ban ce komai ba." Ya miƙe, aka miƙo masa takalmansa. "Zan aiko da buhun gero. A shaida, sadaka ce, ba diyya ba."

Dattawa suka ce Allah ya saka da alheri, don me za su ce? Aka kwance Tanko. Ya tsaya a tsakar soron yana kallon asabarin kamar zai yi magana, sai ya ji Alhaji ya kira sunansa daga waje, ya bi shi. Kowa a wurin ya san ƙarar Gwadabe ta bi Gwadabe.

* * *

Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ran farko su suka fara zamewa. Sabo ya rage shi kaɗai a soron, ya kasa tashi. Can ya ji motsi a bayan asabarin.

"Baba, kana nan?"

"Ina nan, 'yar nan."

"Tun ran farko ka san ni ce?"

"Kin tara sharar wuri guda. Ɓarawo ba ya tara shara."

Ta yi wani ɗan sauti, tsakanin dariya da kuka. "Ban ma san na tara ba."

"Na so in rufa miki, Husaina. Allah ya sani na so."

"Na ji ka, Baba. Ba wannan ke cina ba. Gero zai ƙare, Allah zai kawo wani, ko kada ya kawo." Ya ji tana jan numfashi. "Da na same shi, na taɓa bayansa, da ɗuminsa. Na girgiza shi bai motsa ba, na ce ya cika. Ban juya shi ba, Baba. Ban ɗaga fuskarsa daga ruwan nan ba. Gari na wayewa, tsoro ya kama ni, na bar shi a haka na tafi ɗauko tsintsiya. Kai kake karanta ƙasa. Don Allah gaya mini, lokacin da na tafi, da sauran ransa?"

Sabo ya rufe ido. Ya sake ganin gindin gaɓar nan, inda yatsun mutum za su karci ƙasa in ya yi yunƙuri, inda gwiwa za ta ture laka in ya nemi tashi. Ba komai a wurin sai zanen tsintsiya, layi bisa layi.

"Ya riga ya cika," ya ce. "Tun faɗuwar farko. Bai ji komai ba."

Sabo har ya fara zaton ta karɓa. Sai muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa.

"A ina ka gani, Baba? Ai na share wurin."